Rarrafen Baba Tsoho

Zan fara da laifina, tunda ba wanda ya san farkonsa sai ni da mutumin da muka binne. Kwana uku kafin kakana ya rasu na yi masa ƙarya. Ba wata babba ba ce, na sha shirga waɗanda suka fi ta a makaranta ko ido ban ƙifta ba. Cewa ya yi in durƙusa in yi rarrafe daga ƙofar ɗakinmu har ƙarshen gida, in dawo in gaya masa abin da na gani a ƙasa. Shekarata goma sha biyar, gashin baki ya fara leƙo mini, ko da yake ni kaɗai nake ganinsa, ga kuma 'yan matan ɗakin ƙarshe zaune a tsakar gida suna tsifar kai. Na fita na laɓe a bayan ƙofa, na ɓata kamar minti biyar, na dawo na ce na yi.

Ya ce me na gani. Na ce maɓalli ɗaya, tsinken tsintsiya biyu, da tururuwa wajen dubu bakwai. Ya dubi fuskata, ya sauke ido kan gwiwar wandona, wadda take fes kamar yanzu aka karɓo daga wurin mai guga. Ya juya ya fuskanci bango, ya ce in ja masa ƙofa. Ranar Laraba da hantsi Allah Ya karɓi abinSa.

Dalilin aiken ƙanwata ce, autar Umma, mai wata tara, wadda ta fara jan ciki a makon. A gidanmu na Agege, duk yaron da zai fara rarrafe Baba Tsoho ne yake riga shi. Haka muke kiransa, mu da 'yan haya da duk mutanen layi. Shi zai fara bin gidan da hannu da gwiwa ya kwashe abin kwashewa, sannan a saki yaro. Ya yi wa yara da yawa, har da ni. Auta ce kaɗai ta zo a lokacin da ba ya iya sauka daga gado, shi ya sa ya wakilta ni. Wato an saki Auta a gidan da ba a duba ba, kuma ni kaɗai na sani. Ita ba za ta tuna fuskarsa ba, saboda ita nake rubuta wannan, in ta iya karatu ta ga irin mutumin da ta rasa.

Mutane sun zo. Tsofaffin direbobin tirela daga Apapa, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan kaya zuwa Arewa, sun ciko danfo, ƙaramar bas ɗin hayar Legas, kowanne da tumbinsa, har sai da motar ta yi ajiyar zuciya da suka sauka. Gwaggo, yayar Baba mahaifina, ta iso daga Ikorodu tun ba a gama wanka ba, ta karɓe girki da mulkin mata gaba ɗaya. Iya mai gida, Bayarabiyar da muke haya a wurinta, ta zauna a ƙofar ɗakin Baba Tsoho tana kuka da Yarabanci tana amsa gaisuwa da Hausa. Mai gadin layinmu, mutumin Maraɗi, ya tsaya a bakin titi da sandarsa yana tsallakar da 'ya'yan masu makoki ɗaya-ɗaya, ya ce tsoho ne ya saba masa da wannan aiki, ba yau zai fasa ba. 'Yan ƙwallonmu ma sun zo, sun wanke ƙafa, abin da ban taɓa gani ba.

Na sha zuwa zaman makoki, na san abin da ake faɗa: mutumin kirki ne, ba ruwansa da kowa. A na Baba Tsoho ba wanda ya iya cewa ba ruwansa da kowa, don ƙarya a gaban malamai da wuya. Mutum zai ce Allah Ya ji ƙansa, a shafa, sai ya ce, amma fa ya takura mana. Daga nan sai labari. Iya ta ce wata shida suka yi ba sa gaisawa a kan murfin rijiya. Ita ta ce tsohon kwanon rufin da ke kai ya isa, tun zamanin mijinta shi ne. Shi ya ce kwanon da kaza take iya ɗagawa ba murfi ba ne. Kullum da safe sai ya mirgino turmi ya kifa a kai, duk mai son ruwa sai ta yi kokawa da turmi, har matan gidan suka haɗa kai suka yi wa Iya bore, ta kira kafinta ya yi murfin katako mai sakata. Ta ce da bakinta ta kira shi tsoho mai neman magana, yau ga ta tana neman wanda zai nemi maganar babu.

Wanda bai ga rarrafen ba ba zai gane ba. Gidan irin na Legas ne, ɗaki shida suna kallon shida, da doguwar hanya a tsakiya wadda muke kira fasej. Ita ce kicin, ita ce sito, ita ce majalisa, kowace mace da rishonta a ƙofarta. Ranar rarrafe Baba Tsoho zai cire babbar riga ya ninke, ya ajiye hula, ya ɗaure tsumma a gwiwa biyu, ya riƙe gwangwanin madara, ya yi bisimilla ya sauka. Mutum mai furfura, wanda ya je Makka, wanda ake matsa wa a sahun gaba, ga shi yana tafiya kamar kunkuru yana leƙa ƙarƙashin benci. Mu yara mu bi shi muna faɗuwa don dariya. Wata rana na ɗare bayansa ina kira kamar kwandastan danfo, Oshodi, Oshodi, saura mutum ɗaya. Ya kai ni har bakin rijiya, sannan ya sauke ni ya ja mini kunne har sai da na ji ƙarar jirgin ƙasa a ranar da ba jirgi.

Abin da yake fitowa da shi ne yake kashe dariyar. Reza, allura, ƙaramin batir, ƙwayar maganin da ta gangara, wayar wuta da ta yi tsirara, kwalbar lemo cike da kananzir. Ba ya yi wa kowa faɗa. Zai ɗauki abin mutum ya ajiye masa a dokin ƙofa da tsakar rana, inda duk gida zai gani. Macen da aka ajiye wa kwalbar kananzir sau ɗaya ba a sake ajiye mata. Hannun tukunya ya juya shi ya kalli bango. Bokitin wanki, ko da ruwan bai kai idon sawu ba, ya kifar. Wani ɗan haya ya taɓa tambayarsa me ya hana ya duba a tsaye kamar kowa. Ya ce, "Kai kana sama, yaro yana ƙasa. Lambar gidan ce ɗaya, amma ba gida ɗaya kuke ciki ba."

Ni karen mota yake kirana, wai don bakina ba ya rufuwa kuma ba na zama wuri ɗaya. Ina da shekara tara ya kwashe mu, yaran layi wajen goma, ya kai mu garejin bayan kasuwa inda wani tsohon yaronsa ya ajiye tirela. Ya jera sauran a gaban motar, dab da hancinta, ya ɗaga ni ya ɗora a kujerar direba, ya cusa mini buhu biyu a ƙarƙashi don in kai tsayin babba. Ya ce in ƙirga abokaina. Na duba, ba kowa. Titi kawai, da mai rake can nesa. Na ce sun gudu. Ya ce su ɗaga hannu. Sai ga 'yan yatsu suna fitowa ta ƙasan gilashi kamar tsiron masara. Ɗaya bayan ɗaya ya hau da mu, kowa ya ga yadda ake ɓacewa. Da muka sauko ya ce direba ba mugu ba ne, makaho ne, kuma in ya taka birki a nan, motar sai ta kai wancan masallacin take jin magana. Ya ce in ba ka ga idon direba ba, shi ko hularka bai gani ba. Har yau ba na wucewa ta gaban babbar mota ban ji ƙeyata ta yi sanyi ba.

A wajen ƙwallo muka fi shan wuyarsa. Filinmu wani fegi ne tsakanin layin dogo da titi, da kwata a gefe guda. Kafin a fara sai mun jera mun sunkuya mun tsince kwalba da ƙusa mun zuba a gwangwaninsa. Mai takalmi ba ya bugawa da marar takalmi, ko kowa ya sa ko kowa ya cire. Ƙato ba ya shiga wasan ƙanana. Babbar dokar ita ce, ƙwallon da ta hau titi ta mutu. Ba mai bin ta. A tsaya a jira babba ya miƙo, ko mota ta yi mata abin da za ta yi. Shi kuma yana zaune a kujerar roba a bakin titin, da carbi, kamar ɗan kwastan. A shekarar da soja suka koma bariki wani mai neman kansila ya raba wa layuka ƙwallaye, ya kuma yi alkawarin rufe kwatar. Tamu sabuwa fil, fari da baƙi, kwananta biyu a duniya. Ni na ɗaɗa ta, ta tsallake gola, ta tsallake Baba Tsoho, ta sauka a titi tana tsalle a hankali kamar tana kiran sunana. Na zabura. Ban ga lokacin da tsohon ya miƙe ba, sai ji na yi an shaƙe wuyan rigata ta baya. Muna tsaye haka wata danfo ta zo ta bi ta kanta. Ƙarar da ta yi an ji ta a Ikorodu. Mako guda 'yan layi ba su gaishe shi ba, ni na yi biyu. Ko a jikinsa. Kwatar kuwa ta zauna a buɗe, har ya gaji da jiran kansila ya shimfiɗa mata katako da kansa.

Rigimar da ta fi kowace ita ce tasa da Baba. Baba yana aiki a wani kamfani a Ilupeju, ya sayi babur, ya ce daga yau shi zai riƙa sauke mu a makaranta, ni a baya, ƙannena biyu ɗaya a tsakiya ɗaya a kan tanki. Ai haka kowa yake yi, masu okada, 'yan acaɓan Legas, har biyar suke ɗauka. Baba Tsoho bai yi gardama ba. Washegari babur ya ƙi tashi. Baba ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙa masa rigar aiki, ya tura shi wurin makanike, makanike ya ce, oga, ai babu fulogi. Aka sa sabo. Washegari babu. A rana ta huɗu Baba ya shiga ɗakin tsoho ya rufe ƙofa, mu kuma muka manna kunne. Baba ya ce shi fa ba yaro ba ne, 'ya'yansa ne, ya san yadda zai riƙe su. Tsoho ya ce da wane hannun, na birki ko na kuloci. Baba ya ce ana kunyata shi a gaban 'yan haya. Tsoho ya ce to ya zaɓa, kunya ko ƙaramin likkafani, shi ya ga duka biyun a hanya, ya san wanda ya fi nauyi. Da Baba ya fito fulogi uku ne a hannunsa, idonsa ja. Muka ci gaba da zuwa makaranta a ƙafa, ta gadar masu ƙafa, wadda take ƙara mana tafiyar da nake jin ta kai ta Kano. Wata biyu Baba yana gaishe shi a taƙaice. Ranar jana'iza Baba ne ya kasa fitowa daga kabarin, sai da aka kamo hannunsa.

Ba kullum ake takurawa ba. Ranar da na saci hawa okada na manna ƙwaurina a salansa, na shigo gida ina ihu kamar ana yanka ni, na tabbata yau ga ƙuna ga duka. Mata suka taso, wannan da man goge baki, wannan da ɗanyen ƙwai, Iya da gishiri. Baba Tsoho ya kore su duka. Ya zaunar da ni a bakin rijiya ya riƙa kwarara mini ruwa, guga bayan guga, har na gaji da kuka na fara jin yunwa. Ya rufe wurin da tsumma mai tsabta ya kai ni kilinik ɗin bakin kasuwa. A hanya ya saya mini gasasshiyar masara. Bai taɓa tambayata okadar wa na hau ba. Dokarsa a kan irin wannan gajeriya ce, Umma ta haddace ta kamar karatu. In ƙuna ce, ruwa. In haɗiya aka yi, kada a ɗura komai, kada a sa yatsa a maƙogwaro, a ɗauki yaron da ragowar abin a tafi wurin masu sani.

Kwana biyu ina jin ana maimaita waɗannan labarai a kan tabarma, ina cin shinkafar sadaka, ina kallon Auta tana ratsa ƙafafun mutane. Ta kama rarrafe kamar an ba ta lasisi. Gidan kuwa ya koma yadda in tsohon ya leƙo zai ce a mayar da shi: murhu uku a tsakar gida, tukwanen da za su iya dafa ni, buhunan shinkafa da garin rogo da aka kawo gudummawa jibge a ƙarshen fasej, baƙi kowace da jakarta a ƙasa. Kowa yana zaton wani ne yake kula da yarinyar. Umma hankalinta a kwance, don na ji tana gaya wa Gwaggo cewa tsoho bai tafi ba sai da ya sa aka duba wa Auta gida. Na sunkuyar da kai a kan shinkafata. Na kora da ruwa na ƙara loma.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, wani tsohon direba mai ido ɗaya, wanda ya ce shi ne karen motar Baba Tsoho na farko, ya ba da labarin da ko Baba bai sani ba. Ya ce wata rana suna layin lodi a Apapa tun safe har azahar, layi ya motsa, na baya suna ta danna hon. Maigidansa ya riga ya tayar da mota, sai goron da ke hannunsa ya suɓuce ta taga. Goro ɗaya, fari. Ya ce shi da bakinsa ya ce, oga, a bar shi mana, amma mutumin da rowar goro, ya ja birki ya sauka. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ga jariri kwance a kan zani a inuwar tayar baya, yana barci. Ɗan wata mai sayar da abinci ne, ta ajiye shi ta je karɓo kwano. Ya ce maigidan ya ɗauko yaron ya miƙa wa uwar, ya zagaya bayan mota ya yi amai. Daga ranar bai sake tayar da mota ba sai ya durƙusa ya leƙa kowace taya, ko ana ruwa, ko sojoji suna dukan bodi da bulala a kan ya matsa. Direban ya ce ya taɓa ce masa, ai Allah ne Ya kiyaye. Maigidan ya ce haka ne, amma ba zai zauna yana jiran a sake jefar masa da goro ba alhali an ba shi gwiwa.

Ana ta salati na tashi na shiga fasej, na tsaya a ƙofar ɗakinmu. Mata cike. 'Yan matan ɗakin ƙarshe suna tsintar shinkafa, har da wata baƙuwa daga Ikorodu wadda tun jiya nake gyara tafiya saboda ita. Na durƙusa.

Gwaggo ce ta fara gani. Ta ce, "Kai, lafiyarka? Gidan makoki ne fa. Kwaikwayon mamaci kake tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?"

Na ce aike ne. Ta ce aiken wa. Na ce na Baba Tsoho, makara na yi. Iya ta ce a ƙyale ni, ta janye ƙafarta ta ba ni hanya. Sauran ma suka janye. Ba wadda ta yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Gaskiyar tsoho, wani gida ne daban a ƙasa. Ban taɓa sanin ƙarƙashin bencinmu yana da faɗin da za a ba da haya ba. Na tsinci ashana, murfin kwalba, ƙwayar magani biyu da suka faɗo daga jakar wata baƙuwa, da wuƙar albasa a kan tire. Na yi ta tafiya har na kai wajen buhuna. Tsakanin buhun ƙarshe da bango akwai rata, wadda mai tsaye ba zai gani ba, amma kan Auta zai shiga har kafaɗa. Na zura hannu na jawo murfin gwangwani. A kansa yankan burodi ne, an shafe shi da wani baƙin gari da mai. An ci rabi. A gindin buhun ga cokalin robar da Auta take yawo da shi tana tsotsa.

Na ɗaga murfin na ce na wane ne. Gwaggo ta saki ludayi. Ita ta sa, jiya da la'asar. Ta ga ɓeraye sun fara huda buhunan sadaka, ta aika aka sayo mata maganin ɓera a bakin titi, ta tura shi can ciki inda ta ce ko aljani ba zai kai ba. A tsaye ta duba.

Aka nemo Auta. Tana ƙarƙashin kujerar wata tsohuwa tana motsa baki. Umma ta buɗe bakin, ga ɓarɓashin burodi. Ranar nan kuwa kowa da burodi a hannu, da safe aka raba da shayi, ba mai iya cewa wanne ta ci.

Gwaggo ta rarumo kwalbar manja, ta ce a ɗura mata ta amayar, haka ake yi, haka aka yi wa ɗan maƙwabciyarta. Mata biyu har sun riƙe hannun yarinyar. Umma, wadda ban taɓa jin ta musa wa dangin Baba ba, ta janye 'yarta ta saɓa a kafaɗa.

Ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ba abin da za a ɗura mata. Kai, riƙe murfin nan, kada ka zubar. Ina takardar maganin?"

Takardar tana cikin shara, na tono ta. Direban da ya kawo mutanen Apapa ya zuba mu a danfo, ni da Umma da Baba da Gwaggo, muka bar masu makoki suna yi wa junansu ta'aziyya. A kilinik nas ta karɓi murfi da takarda, ta tambayi tun yaushe, ta tambayi ko an ba ta wani abu. Umma ta ce a'a. Nas ta ce gara haka. Likita ya duba ya ce ba zai iya rantsewa ta ci ko ba ta ci ba, sai an riƙe ta an ga abin da jikinta zai nuna. Gwaggo ta ƙi hawa benci, ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa da kwalbar manjan har lokacin a hannunta.

A kan bencin nan na gaya wa Umma cewa ban yi rarrafen farko ba. Na shirya wa mari, har na ɗan juya mata kuncin da na fi so a mara. Ba ta ko dube ni ba, idonta yana kan ƙofar da aka shiga da Auta. Ta ce ko da na yi a ranar ba zan ga komai ba, maganin jiya aka sa. Na fara jin sanyi a raina, sai ta ƙara.

"Kai sau ɗaya kake gani, ranar da kuke dariya. Kullum in ya dawo daga asuba sai ya zagaya gidan nan kafin ku tashi. Shekara goma sha bakwai ina jin ƙarar gwiwarsa a ƙofata." Ta gyara mayafi. "Ƙaryar kuma ba ni ka yi wa ba."

Allah Ya ji ƙan Baba Tsoho, Ya yalwata masa makwanci, Ya hutar da gwiwoyin nan. In akwai sauran haƙƙinsa a kaina, Allah Ya sa ya yafe kafin ya juya bango.

A makaranta na ba da labarin nan ya fi sau ashirin. A wani na fizge burodin daga bakin Auta saura ƙiris ta haɗiye, a wani likitoci bakwai ne suka fito suka yi mini tafi. Ga yadda aka yi. Auta ta kwana ɗaya a kilinik, ko zazzaɓi ba ta yi ba, ta ciji nas da haƙoranta biyu, aka sallame ta. Gwaggo ta koma Ikorodu tun kafin sadakar bakwai. Ranar Litinin wari ya tashi a ƙarshen fasej, aka janye buhuna, aka tarar da ƙaton ɓera a mace. Shi ya ci rabin burodin. Ni aka sa na fitar da shi.